Ƙwaron da ke kiwo a jikin jemage

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki, da sauƙi? Ya Malam da yara? Mu nan unguwar Mansur lafiya lau, alhamdu lillahi.

Rukayya ta zo hutu daga Malesiya. Hankalina bai kwanta da karatun ƙwarin nan nata ba, har na ce ba za ta koma ba. Ran Juma'a ina yanka kuɓewa sai ta miƙo mini jawwal ɗinta, wato wayar hannu, ta ce, "Ummi, shufi, dubi nan, ga abin da nake shiga kogo dominsa."

Yaya, dangin ƙwaron nan ne mai almakashi a wutsiya, amma ba shi da fiffike, da ƙyar ma yake gani. A jikin wani jemage marar gashi yake kiwo, yana cin maiƙo da matacciyar fatarsa. Ta ce macen ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi. Na ajiye wuƙar, na ce, "Haihuwa? Kamar mu?" Ta ce, "Wallahi, Ummi, tun suna ciki take ciyar da su."

Subhanallah! Halitta a can cikin duhun kogo, amma Allah bai manta da cinta ba. Ni da nake ta fargabar wa zai kula mini da 'ya a ƙasar mutane! A wurin na ce mata ta koma.

Ki sa ta a addu'a, ni ma ki roƙa mini dauriya. Ki gaida Inna da su Sadiya.

Ƙanwarki,
Binta