Igiyar da Ka Ce Ta Lalace

Zuwa ga mijina, sanyin idona, inuwar da nake gudu in fake in rana ta take, ruwan randa a bakin mai ƙishi, mai wayon da ya sace ni da rana tsaka ina ji ina gani, ban ko yi ihu ba!

Sallama gare ka, irin wadda ba ta yankewa in sabis ya ɗauke. Ina fatan ka tashi lafiya, ciwon bayan nan da ɗaukar kwalaye ya jawo maka ya lafa. Mu dai lafiya lau muke, ni da 'yarmu, 'yar akunka, da Inna, sai kewarka da ta tare a gidan nan ta ƙi tafiya, da ita nake tashi, da ita nake zama a kan keken ɗinki.

Na ji saƙon muryarka na shekaranjiya. Na saurara, na sake saurara, har wayar ta yi zafi a hannuna. Ka ce masu siton da kake wa aiki sun yaba da kai, za su sabunta maka kwantiragi, ƙarshen watan nan za ka sa hannu ka ƙara wasu shekarun a can. Sannan ka rufe da maganarka ta kullum, wai in yi haƙuri, saura kaɗan. Na danna in ba ka amsa, na fasa. Na sake dannawa, kuka ya riga ni, na goge. Shi ya sa na jawo takardar da nake yankan samfurin riga da ita, na shimfiɗa a kan teburin keke nake rubuta maka. In na gama zan ɗauki hotonta in tura. Ka ƙara girman hoton da yatsunka ka karanta a tsanake, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Saura kaɗan! Kai ko kunya ba ka ji ba? Ka manta inda na fara jin wannan magana a bakinka?

To bari in tuna maka, ya farin watana. Ka tuna ɗan shagonka na katako da ke jingine da bangon mai facin taya? Tsohuwar kwamfutar nan da fankarta ke kuka kamar injin niƙa, sifikar da kake ɗaure wa baki da roba, gwangwanin madara cike da katunan memori, da igiyoyin turawa rataye a ƙusa, baƙaƙe da farare, kowace da irin bakinta. A lokacin ba kowa ke iya kallon abu kai tsaye a intanet ba, sai an zo wurin mai tura. Samari su yi layi a bencinka, wannan a tura masa fim, wancan waƙoƙi, wani wasan ƙwallon jiya. Kai kuma kana tsakiya kana juyi, hula a karkace, kamar kai ka ƙirƙiro kwamfutar.

Ni kuwa 'yar koyon ɗinki ce, uwar ɗakina ta aiko ni a tura mini bidiyon yadda ake yankan hannun riga. Na miƙa maka waya ina kallon ƙasa. Ka juya ta, ka duba gindinta, ka ɗaga kai ka dube ni, ka sake dubanta. Sai ka girgiza kai da fuskar tausayi ka ce, "Kash! Igiyar irin wayarki ta lalace, 'yan mata. Sai dai a bi ta bulutut." Ka ɗora bidiyon a taka wayar, ka ajiye ta a kan tebur, ka jera tawa kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa. Sannan ka kafa mini doka: "Shi bulutut ba ya son nisa. Kada ki matsa, in kika matsa zai yanke, mu koma farko."

Na zauna a bakin benci kamar an dasa ni. Wani ɗan siririn layi yana rarrafe a fuskar wayar, tafiyar hawainiya ta fi shi sauri. In na ce uwar ɗakina za ta yi faɗa, ka ce saura kaɗan. In na gyara mayafi zan tashi, ka ce saura kaɗan. Kafin layin nan ya kai ƙarshe ka san sunan unguwarmu, ka san ba na shan shayi da madara, ka san ina tsoron kyankyaso fiye da maciji. Da zan tafi na tarar har ka canja wa wayata suna, duk mai neman ta a bulutut abin da zai gani shi ne Saura Kaɗan.

Yaya ce ta tona maka asiri. Wayarmu iri ɗaya ce da ita, babanmu ya sayo mana tare. Ta je a tura mata karatu, kafin in gama zare allura sai ga ta ta dawo. Na ce har an gama? Ta ce, "Da me za a daɗe? Ya soka igiya, ya zare, ya miƙo mini." Na ce ai igiyar ta lalace. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ke dai kin shiga uku! Igiyar nan lafiyarta ƙalau, mai igiyar ne ba shi da lafiya."

Ka san abin da na yi? Washegari na goge bidiyon hannun riga da hannuna, na zo na ce maka ya ɓace. Ka ce ai haka wayoyin nan suke. Ka jera su a kan tebur, na zauna a bakin benci. Ka san na sani, na san ka san na sani. Wallahi bidiyon nan ya ɓace ya fi a ƙirga, har yau kuwa in zan yanka hannun riga sai na ji kukan fankar kwamfutarka a kunnena.

Wayyo waɗancan kwanaki! Ina ma ana tura su a waya, da na cika memori da su. Rana tana dukan kwanon shagon, gumi yana bin wuyanka, mai facin taya yana leƙowa yana cewa, "Yau ma igiyar ce?" Kai kuma ka ɗaure fuska ka ce masa ya kula da tayarsa. Ban taɓa zama wuri mai zafi da hayaniya irin wannan ba, ban kuma taɓa jin daɗin zama kamar a nan ba.

Sauran labarin ka fi ni sani. Muka yi aure, muka kama ɗakin nan mai taga ɗaya. Sai zamani ya juya. Data ta yi araha, kowa ya koma kallon fim da jin waƙa kai tsaye, in mutum yana son abu ya tura wa ɗan'uwansa a manhaja kafin ƙiftawar ido. Layin bencinka ya dinga raguwa, har ya zama daga kai sai fanka. Ina kawo maka abinci in tarar kana goge allon kwamfutar da ba ta yi ƙura ba. Ranar da ka rufe shagon, ka dawo da igiyoyin a leda ka tura su ƙarƙashin gado. Da aikin nesa ya samu, 'yarmu tana zanen goyo, na haɗa maka kaya ina dariya don kada ka fasa. Kukan sai da motar ta sha kwana na yi shi.

Kada ka ce na raina abin da intanet ya yi mana. Abin da ya kashe maka kasuwa shi ne ya riƙe mana aure, na yarda. Ta kiran bidiyo ka ga haƙorinta na farko. A ma'ajiyar hotunan nan da ka buɗe mana a intanet, wadda ni da kai kaɗai ke shiga, ka ga ranar da ta saki kujera ta tako. Ranar hutunka mu buɗe shiri ɗaya, kai a can ni a nan, mu danna tare, amma kullum nawa ya riga naka, in yi dariya kai kana tambaya me ya faru. Duk na gode wa Allah. Amma ya kai daminata, hoton ruwa ba ya jiƙa ƙasa. Ina ganin fuskarka, ban san ko ka rame ba sai yadda kyamara ta ga dama. Ina jin muryarka, ban ji ƙamshin rigarka ba.

Da ni kaɗai ce, da na ci gaba da haɗiyewa. Ga abin da ya sa na kasa.

Makon jiya da la'asar muna ɗakin Inna, mahaifiyarka, ni da Yaya, ana ta hira. Ka san 'yarka, ba a banza muke kiranta Aku ba, duk abin da ta gani sai ta kwaikwaya. Ta yi mana tarin Inna, har da dafa ƙirji. Ta yi tafiyar Yaya in ta sa dogon takalmi. Ta yi ni ina taka keke ina cije leɓe. Muna ta faɗuwa don dariya. Sai Yaya ta ɗaga waya tana ɗauka, ta ce, "To, Aku, yi mana Baba."

Yarinyar nan ta gyara tsayuwa, ta washe baki irin naka, ta ɗaga hannu, ta fara, "Aku ta, ya ki..." Sai ta tsaya cak. Baki a buɗe, hannu a sama, ido bai ƙifta ba, ko numfashi ba ta yi. Ta daɗe a haka, har na zabura na ɗauka wani abu ne ya same ta. Can sai ta motsa, ta karkata kai ta ce, "Kuna ji na? Kuna ji na?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Inna ma ta yi, ta yi, sannan ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido, alhali ko wuta ba a hura ba. Ni kuwa a nan na gane. Ashe 'yarmu ta ɗauka haka kake! Ta ɗauka ubanta mutum ne da ke magana ya daskare a tsakiyar kalma. A hanyarmu ta komawa gida ta ja mini zane ta ce, "Umma, Baba yana da ƙafa?" Ba ta taɓa ganin komai naka ba daga ƙirji zuwa ƙasa. Na ce yana da su, har biyu, manya. Ta ce to me ya sa ba ya zuwa da su?

Ka ba ni amsar in ba ta, ya rabin raina, don ni tawa ta ƙare.

Na san abin da ke cin ka. Ka faɗa a saƙon, can ƙasa-ƙasa kamar ba ka so in ji: da wace sana'a za ka dawo, tunda duniya ta wuce mai tura? Haba mijina! Ni mai tura na aura ko kai? Ko ka ɗauka fina-finan ne suka zaunar da ni a bencin nan? Ba zan yi maka ƙarya in ce akwai daula a nan ba. Amma ɗinki ya buɗe, mata suna turo samfuri a waya, saƙonni suna taruwa ban da hannun amsawa, hotunan kayan da nake sakawa kuwa Yaya ta ce kamar a cikin rijiya na ɗauke su. Inna kullum sai wayarta ta cika ta rasa mai gyara mata, haka tsofaffin layinmu kaf. Ka zo mu lallaɓa. In kaɗan muka samu mu ci kaɗan, a kwano ɗaya.

Kada ka sa hannun nan. Na roƙe ka da girman Allah, kada ka sa. In kuma ka sa, ba zan ce zan daina jiranka ba, ƙarya nake. Zan jira ka har furfura ta cika kaina, zuciyar nan ba ta da wani mai ita. Amma yarinta ba ta jira, ba a dakatar da ita kamar shirinmu a ce sai ranar hutu a ci gaba. Yau tana tambayar ƙafafunka. Ina tsoron ranar da za ta daina tambaya.

Na san yanzu kana can kana cewa in turo maka bidiyon da Yaya ta ɗauka ka gani. Yana cikin wayata. Ban saka shi a ma'ajiyarmu ba, ba kuma zan saka ba. Igiyar nan taka ta da, baƙar nan mai ɗaurin salatif a wuya, na ciro ta daga ledar ƙarƙashin gado tun ranar da ka tafi, tana cikin aljihun kekena tare da allurai, har yau lafiyarta ƙalau. To irin lalacewar da ta yi a wancan lokacin, ita intanet ɗina ya yi yau. Kash, malam! Sai dai a bi ta bulutut.

Na kunna shi, na bar shi a kunne. Waya ta canja har sau nawa, sunan bai canja ba, in ka nema za ka gan shi. Tebur yana nan, na share maka gefe. Dokar kuwa kai ka kafa ta, ba ni ba: ba ya son nisa, kuma in an fara ba a matsawa.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a rufe mini ido,
matarka da ke zaune a bakin benci,
Saura Kaɗan.