Ranar Baftismar Kaka

Zuwa ga Goggona,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya ƙafar, ya ƙarin haƙurinmu? Na rubuto na ba direba ne tunda kunnenki ba ya shiri da waya.

An ɗora mini rubuta tarihin Kaka wanda za a raba ranar Asabar wurin sujadar jana'iza. Na sa shekarunta casa'in da shida, 'ya'ya bakwai, jikoki talatin da ɗaya, da shekara sittin ɗin da ta yi tana wanke fararen rigunan baftisma, tana tsayawa bakin ruwa da tawul tana tarbar masu fitowa. Layi ɗaya ya rage, ranar da aka yi mata tata baftismar. Kin san mu 'yan Baftis, nan idon kowa zai fara sauka.

Jiya a ofishin coci na wuni. Sakatare ya sauko mini da tsofaffin rajistoci huɗu daga saman kabad, duk kashin ɓera. Na ga sunan yayanku Baba Babba, na ga naki, na ga na babana, har na iso kan nawa. Na Kaka ko alama! Baba Babba ya ce in sa shekarar aurenta kawai, wai wa zai bincika? Ni kuwa hannuna ya ƙi. Mai buga takardu ya ba ni zuwa Alhamis. Don Allah a ina aka yi mata, kuma yaushe?

Taki,
Uwar-tambaya

*

'Yata,

Na gode Allah, ƙafa da sauƙi. Ke dai tun kina goye ba ki bar mutane sun huta ba, ba banza muka laƙaba miki sunan nan ba.

Jikoki talatin da biyu ne, kin manta da kanki. Abin da yayana ya ce kuwa, kul kika rubuta. Ƙarya a kan takardar uwata, ba da ni ba. Ki cire layin gaba ɗaya, ki sa waƙar da take so a wurin. Ki gai da maigidanki.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Na gyara lissafin jikoki, na sha dariya ni kaɗai. Amma wasiƙarki ƙara mini ƙaiƙayi ta yi, domin ba ki ce ba ki sani ba.

Tun jiya nake tuno abubuwa. Duk Lahadin da ake Jibin Ubangiji, ana raba gurasa da ƙananan kofuna ga waɗanda aka yi wa baftisma, a ina Kaka take zama? Na rufe ido na nemi fuskarta a benci, ban samu ba. Kullum tana ɗan ɗakin baya, wai tana jiran ƙananan kofuna ta wanke. Sannan lokacin da nake mata wanka da ta tsufa, ko sau ɗaya ba ta yarda na zuba mata ruwa a ka ba, sai dai tsumma mai laima.

Goggo, ba a taɓa yi mata ba ne? Matar da ta koya mana addu'a tun ba mu iya magana ba? In na cire layin, tsofaffin zumuntar mata za su tare ni a ƙofa, kuma ban san me zan ce musu ba.

Taki

*

'Yata,

Kin ci ni da naci. Zauna ki karanta.

Tana da shekara takwas ta faɗa rijiya, da ƙyar aka ciro ta. Tun daga ranar ba ta iya sa kanta cikin ruwa. Da aka kira masu baftisma a shekarar aurenta ta ce tana da ciki, baɗi ta ce tana goyo. Fasto ya tafi, wani ya zo ya same ta da tawul a hannu, bai ga dalilin tambaya ba. Haka aka yi ta tafiya. Jibi kuwa ba ta taɓa ci ba, ta ce ba za ta yi wa Ubangiji wayo a teburinsa ba.

Shekara uku da suka wuce ta kira ni ta ce, “Na gaji da wanke kofuna.” Ran Talata da hantsi muka kai ta coci, daga ni sai fasto da matarsa. Buta shida na dafa na juye a ruwan baftisma don ya yi ɗumi. Ta riƙe wuyan rigar fasto kamar za ta yage ta, ni ina kuka. Da ya ɗago ta, ta share fuska ta dube mu ta ce, “Shi ke nan? A kan wannan na yi shekara saba'in ina ɓuya?”

Ke kuma sarkin bincike, tsofaffin littattafai kika bi. Ki duba sabon da ke kan teburin fasto. Ta roƙe ni kada in faɗa, don kunya. Na riƙe mata har ta rufe ido. Yanzu shawara ta rage gare ki.

Goggonki

*

Goggo,

Na gani. Sunanta na nan tsakanin na 'yan mata biyu masu shekara goma sha huɗu. Na rubuta ranar yadda take, na kai wa mai bugawa.

Kafin nan na nuna wa Baba Babba, ina jiran faɗa. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya ce, “Shekara arba'in ina dikin a cocin nan, ni ke zagayawa da farantin Jibi benci-benci. Ban taɓa lura ban miƙa wa uwata ba.”

Sai kin iso ran Juma'a. Allah ya kawo ki lafiya.

Taki