Fatihar da Na Sa Nomvelo Ta Karanta

Litinin, 5 ga Fabrairu

Hutun rana, kowa a wurinsa: namu 'yan Indiya kan matakalar laburare, 'yan Zulu a gindin mangwaro, Turawa a bakin filin wasa. Ba wanda ya raba musu. Na buɗe ɗakin sallar 'yan mata, tunda ni ce malamar da ke riƙe da mabuɗin, wadda ɗalibai ke kira Apa. Sai ga wata 'yar Zulu da ɗankwali a hannu, Nomvelo, sabuwa a aji goma. Raeesa, 'yar ƙanwata, ta yi wuf ta kwaso nata takalman daga bakin ƙofa, kamar za a sace. Sauran ma suka kwaso nasu. Ina gani. Sai na ji bakina yana cewa, da wannan muryar tawa mai sanyi, "'Yata, nan ɗakin Musulmi ne. Ko za ki ɗan karanta mana Fatiha?"

Ta karanta. Tajwidinta ya fi nawa.

Talata, 6 ga Fabrairu

Shekara tara da mabuɗin nan, ban taɓa sa wata ta karanta komai ba. Astagfirullah.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Ba ta dawo ba. Raeesa ta ce, "Apa, ke ma dai! Su ai sai coci da rawa." Na ce kul. To amma a ina ta koya? A gidana har yau kofin mai aiki daban yake.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Na ga Nomvelo bayan ɗakin kimiyya tana azahar kan tsakuwa, ta shimfiɗa rigar sanyinta ta makaranta. Ƙawayenta uku, duk Kiristoci, sun yi mata katanga saboda samari. Wata mai baki, Zinhle, ta hango ni. "Ga mai jarrabawa nan! Apa, mu ma sai mun karanta kafin mu tsaya?" Wata ta ce a toshe hanci, warin kori, miyarmu ta 'yan Indiya, ya iso. Suka yi ta dariya. Na wuce kamar ofis za ni.

Idan aka tambaye ni wa ya fitar da ita rana, me zan ce?

Talata, 13 ga Fabrairu

Na tare ta na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Apa, mun saba. Kakana ladan ne a unguwarmu, amma in ya shiga masallacin cikin gari sai an tambaye shi yaushe ya musulunta." Na ce ta dawo. Ta sunkuyar da kai cikin ladabi. "In yi sujada kusa da masu gadin takalma? A bar ni inda nake."

Gara ta zage ni.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Ɗakin sallar ya cika zafi kwanan nan. Na ba Raeesa mabuɗin, na ɗauki darduma biyu na zaga bayan ɗakin kimiyya. Nomvelo ta dubi wadda na miƙa mata, ba ta karɓa ba. Amma ta ja rigarta gefe, ta bar min wuri daidai kafaɗarta. Sai na ji kunyar shimfiɗa tawa. Zinhle ta ce, "Ku matso, mun samu ƙarin aiki."

Maigida ya ga sawun tsakuwa a goshina, na ce zafi ne ya kore ni waje. Gobe ma ina jin za a yi zafin.