Sarƙa a Buhun Gyaɗa

Talata Mafara,
ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Barau,

"Da hannuna zan kai ta Bakura, Yaya, in sa ta a hannun Hajiya Suwaiba, ko ruwa ba zan tsaya sha ba." Maganarka ce wannan, a bakin ɗakina, ranar sadakar arba'in ɗin Malam. Na sa ta gaban sallama don na san halinka da takarda, layi biyu za ka karanta ka ninke.

To, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Taibatu da yara, da mutanen Maradun baki ɗaya. Ya aikin kaka? Ya tarin nan da ke tayar maka in sanyi ya shigo? Mu nan sai godiyar Allah. Masu gaisuwa sun ragu, gidan ya yi mini girma.

Wayarka a kashe take tun ranar, shi ya sa na koma ga biro. Nazifa maƙwabciyata za ta kawo maka wannan in ta zo cin kasuwarku. Ka lura ban ba direba ba.

Bari in tuna maka abin da na damƙa maka, ko ka manta. Sarƙar zinarin da maigidana Malam Ishaq ya sayo mini daga Makka ce, da 'yan kunnenta. Na sayar wa Suwaiba, wadda muka yi makarantar horon malamai tare, don tana son ta sa wa ɗiyarta ranar biki. Babu dillaliya tsakaninmu, babu shaida. A waya muka gama, ta turo kuɗi tun ba ta riƙe kaya ba, domin ta daɗe da sanin sarƙar a wuyana. Kuɗin kuwa a makon suka tafi rajistar ɗiyata Mufida a makarantar jinya. Ni ina takaba, ba ni fita. Shi ya sa na ɗaure sarƙar a ƙyalle na miƙa wa wanda na goya.

Washegari Suwaiba ta kira tana godiyar gyaɗa. Na ce wace gyaɗa? Ta ce ƙaramin buhu wani direba ya sauke mata, wai saƙo daga wurina. Nan take na gane aikinka. Na ce ta zazzage. Ita da amarya suka baje ta a tabarma, suka bi ta da yatsu kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Sun sami ƙyallena, a ɗaure yadda yake, babu kome ciki.

Ɗanta ya zo tashar garin nan. Direban, Hamidu, ya ce ka zo da la'asar kana sauri kada motar Maradun ta ƙarshe ta tashi. Ya tambaye ka me ke ciki, ka ce gyaɗa, ya sake tambaya, ka rantse. Ka biya kuɗin ɗaukar gyaɗa. Motarsa ba ta cika ba a ranar, buhun ya kwana a ɗakin ajiyar saƙo. Shugaban tasha kuwa ya ce gyaɗa aka ba su, gyaɗa suka kai, in tiya ɗaya ta yi ciwon kai a faɗa su biya. Na so in ji haushinsa, na rasa ta inda zan kama.

Dabarar Inna ce ka yi, na sani. Ita ma a tsakiyar dawa take tura kuɗinta in za ta aika, kuma tun da hanyoyinmu suka lalace kowa ya koma haka. Abin da ka manta shi ne ɓarawo ma uwa ta haife shi, ita ma a hatsi take ɓoye nata.

Ban ga laifinka ba don ka ji tsoron dare ya same ka a hanyar Maradun. Ni ma ba na son ya same ka. Amma gidan nan yana da ɗakin baƙi, Barau. Da ka dawo ka ce Yaya lokaci ya ƙure, da na shimfiɗa maka ka tafi Bakura da safe.

Ranar da na sayar da ita ban yi kuka ba. Na ce ai Bakura ce, zan je biki in gan ta a wuyan yarinya in ji daɗi. Malam bai iya zaɓen kaya ba, atamfar da ya taɓa sayo mini sai da na mai da ta rigar matashi, amma sarƙar nan ya dace. Yanzu tunanin da ke hana ni cin abinci shi ne wataƙila tuni wani maƙeri ya narkar da ita.

Ka zo. Ba duka zan yi ba, ka girmi wannan. Ka gai da Taibatu, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Turai.


Talata Mafara,
ranar Alhamis.

Barau,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, kai da iyali, da fatan an gama shigo da amfanin gona lafiya. Nazifa ta ce ta sa takardata a hannunka, ka karɓa ka tambayi lafiyata ka juya. Lafiyata ƙalau, tun da ita ka tambaya.

Suwaiba ta zo. Ta yi mini gaisuwar Malam kamar yadda ya kamata, ta zauna a bakin tabarma, ta ƙi shan kunu. Tun muna 'yan mata Turaina take ce mini. A ranar kuwa Malama Turai ta riƙa kirana, har ta tafi.

Ga abin da ake faɗi a Bakura, gara ka ji daga bakina. Wasu sun ce ni na ci kuɗin ƙawata na aika mata da ƙyalle, na fake da takaba. Mafi yawa sun ce kai ne ka zare sarƙar tun kafin ka isa tasha, shi ya sa ka rantse babu kome ciki, shi ya sa kuma ka ɓuya. Ɗan Suwaiba yana son kai ƙara ga 'yan sanda, uwarsa ce ke riƙe da shi saboda tsohon zumunci, kuma igiyar ta kusa tsinkewa.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na yi kwana biyu ina juya maganar. Na ce mutum tara yake bai cika goma ba, wa ya san abin da ya matsa maka. Na tsani kaina a kan wannan tunani, na ƙara tsanar shirunka da ya jawo shi.

Sai na roƙi Suwaiba ta nuna mini buhun, don ta zo da shi. Allah ya sa ta gindi suka farke shi, bakin yana nan da ɗinkinsa. Barau, na ga hannunka. Ɗinkin bahago ba ya ɓoyuwa, karkatarsa daban, ga kuma ƙullin nan biyu da kake yi a ƙarshe tun kana yaro. Haka ya taho har wajen rabi. Daga nan sai zaren ya juya, hannun dama ya karɓa, basillar ma ta fi taka kauri. Wani ya farke, ya zura hannu, ya mayar da ƙyalle, ya ɗinke, yana ganin ya iya.

Na riƙe buhun nan na yi kukan da ban yi ba tun rasuwa. Na tuna lokacin da Inna ke ɗaure maka hagu da zane don ka koyi dama, in ta shiga madafa in kwance maka, in ta fito mu sha faɗa tare. Ashe hannun da na riƙa kwancewa shi zai wanke ka a wurina.

Na nuna wa Suwaiba. Ta duba, ta ce ita zare kawai take gani, wannan ido na 'yar'uwa ne. Ban ji haushi ba. Na yi shekara da shekaru ina duba rubutun yara, na san mai haƙƙi ba ya karɓar "na san halinsa" a matsayin amsa.

Amma an sami ƙofa. Na aika wa shugaban tasha, ya ce in wanda ya kawo saƙon ya zo da kansa ya faɗi abin da ya sa a ciki, ya ɗinka buhu a gabansu a gwada, zai tara duk wanda ya riƙe makullin ɗakin ajiya da 'yan lodin ranar a bi diddigi. In mai saƙo bai zo ba, shi a wurinsa gyaɗa ce har gobe. Hamidu ma yana son ka zo, don fasinjan Bakura sun fara kauce wa motarsa, kuma yana da iyali.

Na san abin da ya riƙe ka. Ba tsorona ba ne. Kunyar tsayawa gaban maza ce ka ce rantsuwar da na yi ƙarya ce. To ka ji daga wadda ta zauna da malami shekaru masu yawa tana sauraren karatu ta bayan labule: rantsuwar da aka yi da gangan a kan ƙarya ba azumi ke goge ta ba, tuba ce, kuma tuba ba ta tsayawa da ƙafarta sai an cire wa waɗanda aka jefa cikin zargi ƙayar da aka soka musu. Mu uku ne: ni, da Hamidu, da kai kanka.

Da Malam na nan da tuni ya hau babur ya zo ya same ka a gona, ya zauna kuna ɓarar gyaɗa har ka faɗi da bakinka. Ya iya ka fiye da ni. Ni faɗa na iya. Kullum bayan la'asar ina jin kamar tsayuwar babur a ƙofar gida, in kasa kunne, ban ma san cikinku wa nake jira ba.

A gai da mutan gida.

Yayarka,
Turai.


Talata Mafara,
ranar Asabar.

Ƙanena,

Sallama irin ta addini, da fatan alheri gare ka da yara. Ba zan tambayi lafiyarka ba a wannan karo, don Taibatu ta zo ta faɗa mini: ka rame, ba ka zama majalisa, masallaci ma sai an tayar kake shiga ka tsaya a sahun baya. Kada ka yi mata faɗa. Ta ce maka za ta asibiti, kuma ta je, daga can ta biyo.

Ta kuma faɗa mini ka kai shanun huɗarka kasuwa an taya, kana jiran mako mai zuwa ka sallama, ka sayi wata sarƙa ka aika Bakura a rufe magana.

Barau, da me aka yi kanka? Wa ya ce maka zinari nake nema? Ranar da sabuwar sarƙa ta isa hannun Suwaiba ba tare da ka buɗe baki ba, duk Bakura za ta ce ɓarawo ya ji wuta ya mayar da kaya. Ka sayar da shanunka ka sayo wa kanka sunan sata, ka bar wa 'ya'yanka shi gado. Wanda ya farke buhun kuwa ya ci bulus, yana nan a inuwa yana jiran buhu na gaba. In damina ta faɗi kuma da me za ka yi huɗa, da kunyar taka?

Sau ɗaya ka ɓoye gaskiya a cikin gyaɗa, ka ga inda ta kai mu. Yanzu kana son ɓoye ta a cikin shanu.

Na gaji da rubutu. Takabata za ta cika ranar Alhamis mai zuwa. Mata sai murna suke taya ni, wai zan yi wanka in sa turare in fita. Ni ban san wurin wa zan fita ba. Inna ta tafi, Baba ya tafi, Malam ya tafi, Mufida na makaranta. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san ni tun kafin a fara ce mini Malama, shi ne kuma ya kashe waya.

Ga yadda za a yi. Shugaban tasha ya sa zama ranar Talatar da ke bin fitata, bayan azahar. Suwaiba za ta zo da ɗanta da buhun, ta yarda ba za a kai ƙara ba sai an ga abin da zaman ya haifar. Ka taho da safe da basillarka. Ka fara biyowa ta gida ka ci abinci, mu tafi tare. In ka tashi yin magana ina gefenka, duk wanda ya yi maka dariya da ni zai yi, ka kuwa san bakina. Ko an gano sarƙar ko ba a gano ba, biyan Suwaiba ni da kai ne, mu zauna mu ga yadda za mu yi, shanu na turkensu.

In aka kira la'asar ranar ban gan ka ba, zan tashi in faɗi iyakar abin da idona ya gani: na ɗaure, na ba ka, ka yi alkawari. Maganar ɗinki ba zan ƙara ta ba, don ba zan ci gaba da rantsuwa a kan mutumin da ya ƙi tsayawa wa kansa ba. Washegari Laraba zan hau mota zuwa ƙauyenmu Tsibiri, in sami mai gari da dattawa a raba gonar Baba. Tun rasuwarsa ake ce mini in karɓi rabona, ina cewa noman Barau nomana ne. Zan karɓa, in sayar, in biya Suwaiba. Daga nan ba ka da nauyina, za ka riƙa noma kana ganin baƙo a ƙetaren iyaka, ni kuma ba ni da sauran dalilin zuwa Maradun in kaka ta yi.

Ba na son in yi haka. Amma ka san ban taɓa cewa zan yi abu na fasa ba.

Talata, kafin la'asar. Allah ya kawo ka lafiya, ya tsare hanya.

Yayarka da ta goye ka,
Turai.