Layar Sada a Wuyan Lawal

Kudan, 3 ga Disamba, 1956

Zuwa ga Yaya Ummuhani, a Makarfi.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina lafiya, ke da jariran da ake kawo miki raino. Ni ma lafiya lau, sai aikin duba-gari da ba ya ƙarewa.

Yaya, an fito da doka a kan duk matar da ke tara jariran mutane a gidanta da rana. Dole ta sami takardar izini, in ba haka ba a hana ta. Ranar kasuwa mai zuwa abokin aikina zai zo duba gidanki, don ni ba a yarda in duba na 'yar'uwata ba.

Ki daina canza musu ƙunzugu a kan tabarmar da kike tankaɗe. Ki sa kafinta ya yi miki tebur daidai ƙugunki, mai katako a gefe don kada yaro ya mirgino, a ajiye shi nesa da madafi. Daro da sabulu su zauna kusa, ki wanke hannu bayan kowane yaro. Ƙunzugu ya zama fari, a tafasa shi, a shanya a igiya, ba a kan danga ba. Kada kuma ya ga dauɗa a wuyan yaro ko a ƙugunsa, don mutumin nan har yatsa yake sawa ya duba.

Na san za ki ce ni ma ke kika yi rainona, kuma ba tebur. Haka ne. Ki dai yi haƙuri ki bi.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Iliyasu.


Makarfi, ranar Alhamis

Zuwa ga ƙanena Iliyasu.

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan takarda ka karanta ta a zaune.

Duk abin da ka ce na yi. An kawo tebur, mata suka cika gida suna kallo, wata ta tambaye ni ko fawa zan fara. Na yanka alawayyo na yi ƙunzugu iri ɗaya ga kowa. Kuma ba zan ɓoye maka ba, tun da na fara wanke hannun nan zawo ya ragu a gidan. Amma da ka ce kada a ga dauɗa a wuya, sai na dubi layun yaran, igiyoyi sun yi baƙi da gumi da nono. Jiya da sassafe na tsittsige su duka na zuba a ƙwarya na ɓoye ƙarƙashin gado. Abokinka ya zo, ya ɗaga wannan ya juya wancan, ya yaba, ya tafi.

A cikin yaran akwai biyu da ba su daɗe da yin arba'in ba, dukansu maza, dukansu 'ya'yan fari. Lawal ɗan Sabuwa, mai dafa wa masu matsar rake abinci, wadda ba ta son zuwa da goyo bakin wuta. Da Sada ɗan Hassana, Bafulatana mai tallan nono, da ke bar mini shi duk ranar kasuwa. Da la'asar iyaye suka taso mini gaba ɗaya, ga kuka, ga ƙwarya cike da layu. Na ɗaura wa kowa tasa cikin sauri. Sabuwa ta duƙa na ɗora mata yaro a baya, ta ja zane. Hassana ta duƙa, ita ma haka. Ka san ba mai waiwayar ɗan fari a gaban mutane, balle Hassana da ke tare da 'yan'uwan mijinta.

Yau da safe Sabuwa ta shigo, idanu sun kumbura. Ta sauke yaro a kan tebur, ta koma bakin ƙofa ta zauna tana wasa da bakin zane. Na ce, "Sabuwa, lafiya?" Sai can ta ce, "Gwaggo, wannan na mutane ne."

Na ce, "Ga layarsa a wuya."

Ta ce, "Layar ta gidanmu ce. Yaron gidanmu kuwa yana da tabo a bayan kunne."

Iliyasu, na juya kunnen nan, na sake juyawa. Babu tabo. Yarinyar nan ta kwana tana shayar da shi, ta kasa gaya wa mijinta, ta kasa gaya wa uwar mijinta, don kada a ce ta zauna ta ƙare wa ɗan fari kallo har bayan kunne.

Na ɗauki mayafi na yi rugar su Hassana, wajen Nasarawan Doya. Ban tarar da kowa ba, sai kashin shanu da turaku da toka mai ɗumi. Wani manomi ya ce sun tashi da hantsi, sun yi gabas wajen Ikara neman karan dawa, daga can kuma Allah kaɗai ya san inda za su nufa. Kai ne mai keke. Don girman Allah ka bi su. Shugaban rugar Bobbo sunansa, shi ne surukin Hassana.

Yayarka, Ummuhani.


Janfalan, 9 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Ummuhani.

Bayan gaisuwa, takardarki ta same ni ina tsakiyar duba rijiya, saura kaɗan in faɗa ciki. Na karanta har ƙarshe ban yarda ba, na koma farko.

Na same su a bayan Janfalan, sun sauka a wata gona. Bobbo ya karɓe ni da mutunci, aka kawo mini nono. Da na faɗi abin da ya kawo ni, fuskarsa ta canza. Ya sa aka kawo yaron, ya kama layar ya ce, "Wannan ni na sa aka rubuta ta, ni na ɗinke fatar da hannuna. Malam, kai ka ga kaki ya ba ka ikon ɗaukar jikan mutum?" Na leƙa bayan kunne, Yaya, tabon na nan. Na nuna masa, ya ce cizon sauro ne.

Sai na ce a kira uwar. Ta zo ta durƙusa nesa, ta ba surukinta gefe. Na ce, "Hassana, wannan ɗanki ne?" Ta ce, "Ban sani ba." Na sake tambaya da ƙarfi, ta ce, "Ban duba ba." Raina ya ɓaci, har na fara tunanin wace irin uwa ce wannan. Da ta tashi sai na ga inda ta durƙusa, ƙasar ta jiƙe da hawaye.

A kan keke na gane wautar da na yi. Ni da na tashi a gidan da Inna ba ta taɓa kiran sunanki ba don ke ce 'yar fari, sai dai "ke" ko "yarinyar nan", ni ne na tsare 'yar mutane a gaban surukinta in ce ta shaida ɗan fari.

Na roƙi Bobbo ya dakata. Ya ce har Juma'a, bayan nan za su ƙetare rafi. Ki taho da Sabuwa da yaron. Wannan ba aikin mai kaki ba ne.

Ƙanenki, Iliyasu.


Makarfi, ranar Asabar

Zuwa ga ƙanena Iliyasu.

Gaisuwa, da godiya a kan wahalar hanya. Allah ya saka, ya bar maka kekenka.

Mun shiga motar masu auduga har Ikara, sauran muka taka. Mijin Sabuwa na gaya masa komai da bakina kafin mu tashi, bai ko zage ni ba.

Da muka isa na gaida Bobbo, ban ce masa an yi musaya ba. Na ce ni ce mai raino, na yi kewar Sada, kuma na ji yana fama da zafin ƙunzugu, a ba ni bukka in gyara shi tare da abokinsa. Tsohon ya dube ni. Sai ya tashi ya ce wa mazan su zo a duba wata saniya da ke ɗingishi. Ina jin ya sani tun ranar da ka zo.

Babu tebur, kada ka ji haushi, amma hannu na wanke. Na shimfiɗa zane, na kwantar da su biyun, na cire ƙunzugu, na cire layu na ajiye gefe. Na kira Sabuwa da Hassana na ce su taya ni, sannan na ce na manta sabulu. Na fita, na ja asabari, na tsaya a baya na ba bukkar baya.

Da farko ban ji komai ba. Sai na ji muryar Hassana ƙasa-ƙasa, yarinyar da ban taɓa jin ta haɗa magana uku ba. Tana cewa, "Sada. Sada. Sada." Kamar mai ƙishi ta sami randa. Sabuwa kuwa kuka take, tana ce wa Hassana an gode, ya yi ƙiba.

Suka fito kowa da goyonta, ido a ƙasa, kamar ba abin da ya faru. Ba wanda ya tambaye su komai. Bobbo ya dawo ya ce yanzu yaran nan sun sha nono ɗaya, 'yan'uwa ne, ya ba Sabuwa ƙwaryar man shanu.

Daga yau laya a wuya zan wanke ta, in abokinka ya ga dama ya hana ni takardar. Amma Iliyasu, duk hanyar dawowa abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ga ni da furfura, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, har ta koma ga Allah. Ina ta tunanin ko ta taɓa faɗinsa, ko sau ɗaya, in ba kowa.

Yayarka, Ummuhani.


Kudan, 18 ga Disamba

Yaya,

Bayan gaisuwa. Takardar izininki ta fito, zan kawo miki da kaina.

Maganar Inna kuwa, ranar da aka kai ki gidan miji a Makarfi kowa ya tafi rakiya, aka bar ni gida saboda zazzaɓi. Ta ɗauka barci nake. Ta shiga ɗakinki ta zauna a kan tabarmarki tana ninke tsohon zanenki, tana kiran sunanki, har masu rakiya suka dawo. Da ta ji sallamarsu ta fito ta ce wa mutane yarinyar nan ta tafi ta bar ɗaki ba shara.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Iliyasu.