Linzamin Malam Ari

Litinin, 4 ga Agusta, 2025
Kai mai buɗe littafin tsohuwa ba izini, tunda ka shigo, ga kacici-kacici: mene ne in ka ja shi ya gudu, in ka sassauta masa ya zo nemanka? In ba ka sani ba, rufe ka ba ni abuna.

Jikata Yagana ta kawo min bala'i mai ƙafa huɗu. Ɗan doki ne, Bidi, na ƙawarta Adaugo, likitar dabbobin nan ta Sabon Gari. Sun ɗaure shi a tsohuwar bargar maigidana, marigayi Malam Ari, bayan gida. Wai Yagana ce za ta hore shi. Na ce jikokin mutane suna kawo miji, tawa ta kawo mai cin harawa.

Alhamis, 7 ga Agusta
Na bi su fili, can bayan Kwaciri. Linzamin da suka sa masa santsi kamar cokalin shayi. Kamazuru kuwa, igiyar linzamin, a sake, yana lilo. Dokin ya cusa haɓa a ƙirji, yana ta raba ido.

Na ce, "Ja shi mana!"
Ta ce, "Kaka, ba a ja. Da ƙafa nake tura shi gaba, shi zai miƙo baki ya nemi hannuna."

In ɗan adaidaita sahu ya yi masa hon kafin ya nemo fa? Ban ci tuwo ba.

Asabar, 9 ga Agusta
Mafarki: sirdi ya dawo gida ba kowa a kai.

Laraba, 13 ga Agusta
Na ciro linzamin Malam daga akwati, mai zobe, mai nauyi. Shekara arba'in yana hawa da shi, doki bai taɓa yi masa gardama ba. Yagana ta ce wannan yana yanka harshe. Na ce in ta kuma hawa ba shi, ban yafe ba. Da bakina na faɗa. Ta kalle ni, ta karɓa da hannu biyu.

Juma'a, 15 ga Agusta
Yau ta hau da linzamin Malam. Akuya ce kawai ta gitta, Yagana ta ɗan ja kaɗan, kamar yadda ta saba da wancan mai santsin. Bidi ya miƙe tsaye da ƙafa biyu. Na ga cikinsa, na ga takalminta a sama. Ƙarar faɗuwar... a'a, ba zan rubuta ba.

Wuyan hannunta ya goce. Bakin doki duk jini. Adaugo ta ɗaga linzamin ta ce, "Mama, wa ya sa wannan?" Yagana daga ƙasa ta ce, "Ni." Allah ya shirye ta, maƙaryaciya.

Lahadi, 24 ga Agusta
Yagana ba ta yi min maganar faɗuwar ba, gara ma ta zage ni. Ni nake shafa wa Bidi zuma a baki, Adaugo ta koya min. Da fari ko inuwata ya gani sai ya ja baya. Yau ya lashe min yatsa, mara kunya. Na ce wa Yagana waccan maganar ta "ban yafe ba" na janye ta. Ta ce, "Wacce?"

Talata, 7 ga Oktoba
Ta hau, da cokalin shayinsu. Zagaye nawa yana ɓoye haɓa, ita kuma hannu shiru, sai ƙafa. "Ja shi" ta zo min har maƙogwaro, na cusa goro. Can sai ya yi atishawa, ya miƙa wuya, ya bi kamazuru a hankali har ya ɗame. Ta juyo tana nemana da ido.

Na ce ƙwaro ne ya faɗa min a ido. Gobe ma zan je, don dai iskar filin na da daɗi. Linzamin Malam yana tokare da ƙofar kicin.

Amsar kuwa, bakin doki ne.