Kaset Uku da Dutsen Niƙa a Gonar Hajo

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin Tudun Baushe, a ƙasarmu Nijar.

Daga Abdu Ɗan Gwamma, unguwar Mahjar, Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gaida kujerarka da ɗamarar nan mai launin tuta da aka ce kana ratayawa ranar taro. Ina gaida sakatarenka, ina gaida mai gadin ofis, don shi ma yana cikin maganar.

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Maƙwabcina Idi tela ke rubutawa ina faɗa, kuma na rantsar da shi kada ya sassauta ko kalma ɗaya. Na ce a karanta takardar nan a kasuwar Laraba kafin ta iso teburinka, don na lura abin da ya fara shiga ofishinku ba ya fitowa da rai. Kada ka ji haushi. Mahaifinka Mamman, Allah ya jiƙansa, taubashina ne, kuma wanda ya gaji rigar uba ya gaji abokan wasansa.

Maganar gonar ƙanwata Hajo ce. Ma'aikatanka sun auna gefenta na fadama, sun kafa turaku, za a gina wa furoje, wato shirin raya karkara, rumbun albasa, wai fili ne marar mai shi tun da babu takarda. Wannan gefen shi kaɗai ke riƙe danshi da rani. Nan take shuka rogo da zogale, da su take ciyar da jikoki biyar, domin ubanninsu ɗaya yana Libiya, ɗaya yana Abijan, kamar sauran mazan garin. An ce ta kawo shaidar da ya san iyaka. Waɗanda suka sani mu huɗu ne, uku suna maƙabarta. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Bayan Sallar Layya ta bara waccan na zauna gaban rakoda, na yi alwala, na faɗi iyakar gonar kusurwa kusurwa. Na ba wani alhaji mai komawa gida ya kai muku. Sakatarenka ya juya kaset ɗin gaba da baya, ya ce ba ya ganin wurin buga tambari.

Na biyu. Na sake yin wani. Wannan karon aka ce shaida sai da Faransanci, ta bakin tafintan da hukuma ta sani, a babban birnin jiha. Hajo ta sayar da akuya ta hau mota, ta kwana biyu a tasha, aka ce tafinta ya tafi taro, ba a san ranar dawowarsa ba. Ranka ya daɗe, gonar nan da Hausa aka sare ta, da Hausa aka yi mata kirarin gayya, gero bai taɓa ƙin tsirowa ba don ba a yi masa Faransanci ba.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauko Idi daga kan kekensa. Kaset na uku ya kwana wata biyu a aljihun tebur. Ranar da kuka ce a saka a ji, Hajo ta zo da dattawa, aka danna. Aka ji ni na yi sallama, na ce sunana, na ce sunan ubana, sai ganga ta ɓarke. Ashe mai gadinku ya ɗauki kokawar gasar ƙasa daga rediyo a kaina. An gaya mini dattawan sun saurara har ƙarshe, har da gardama a kan wanda ya kai wani ƙasa. Ban ga laifinsu ba, ni ma da na ji da na tsaya. Ina roƙon kada a kore shi. A wannan ofis shi kaɗai ya samo wa kaset ɗina amfani.

Na huɗu. Yaushe kaset ya daina zama shaida? Mu da ba mu iya rubutu ba, shi ne wasiƙarmu. A kaset na ji Mamman yana ta murna ranar da ka zama malamin lakwal. A kaset aka gaya mini rasuwarsa, na mayar da shi baya sau uku ko zan ji wani suna dabam. Kuma da kake neman kujerar nan, a kaset ka yi wa mutanen Jidda magana, ka kira mu iyayenka, ka ce mu umarci na gida su jefa maka ƙuri'a. Babu tambari a kansa. Da Hausa ka yi shi, Hausa mai daɗi kuwa. Yana nan a akwatina, ban ɗauki kokawa a kansa ba.

Na biyar. An ce in zo da ƙafata. Ka sani sarai, tun da ka ci tuwo a ɗakina shekarar da ka zo hajji, har ka nemi ƙari, cewa ba ni da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan. Shekarar da fari ya share mana shanu na shigo da umara na zauna. Na tura amalanke a Balad har gwiwoyina suka ƙi, na yi gadin wani gida a Aziziyya, yanzu asuwaki nake sayarwa a bakin masallaci. In na fita, halas, babu dawowa. A nan matata take kwance, a nan 'yata take da 'ya'yanta. Ba daɗi ya zaunar da ni ba. Da garinmu na ciyar da mutanensa, da ba a bar mata da tsofaffi suna gadin rumbunan da babu kowa ciki sai ɓera. Alhazai suna ba ni labari duk shekara. Sun ce allunan furoje a bakin hanya sun fi rijiyoyin da ke ba da ruwa yawa, kuma yaran da kuka koya wa Faransanci suna zaune gindin dalbejiya suna shan shayi da shi. Ban ƙi rumbun albasa ba, Allah ya sa albarka. Amma ga tudu can gabas da kasuwa, ko ƙaya ba ta son sa. Me ya sa ma'aunin gwamnati bai taɓa faɗawa kan ƙasar banza ba, sai inda gwauruwa ta yi shuka?

To, ga shaidar da ba ta bukatar tafinta. Shekarar da aka raba fadamar, ina saurayi, ubana da kakanka suka binne ɓarin dutsen niƙan kakarmu a kusurwar yamma, don shuka gamba kaɗai ba ta hana rigima, akuya na cinye iyaka. Ni na haƙa ramin. Ka tsaya gindin tsohon gawo, ka ba alƙibla baya, ka yi taku goma sha biyu na babban mutum, ba irin takun ofis ba. Ku tona zurfin kamu biyu. Ɗaya ɓarin yana bayan ɗakin Hajo, kaji na shan ruwa a cikinsa. Ku haɗa su ku gani.

Roƙona uku ne. A tona a gaban jama'a kafin a sauke bulo ko ɗaya. In dutse ya fito, a cire turakun, a rubuta wa Hajo takarda da sunanta, da duk harshen da kuke so, a buga mata tambari har sai hannun sakatare ya gaji. Na ƙarshe, a saya wa mai gadi kaset nasa na kansa.

In kuwa kun ƙi tonawa, hanya ɗaya ta rage mini. Zan je in miƙa kaina ga masu kamen marasa iƙama, su ɗora ni a jirgi kyauta, in bar kabarin matata da jikokina. Ba na so, amma zan yi, kuma duk wanda ya san ni ya san zan yi. Ba ni da ɗaki a Tudun Baushe, damina ta cinye shi tuntuni. Gidan ɗan taubashina zan sauka, wato gidanka. Ina tashi da asuba, ina da surutu, kuma na san labarin duk wanda ke majalisarka tun daga kakansa, har da na yaron da ya gudu daga gidan kaciya ya ɓuya a rumbu, kai ka fi kowa sanin ko wane ne.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka kunnen sauraro, ya sa ka sauka daga kujerar nan ana yi maka addu'a. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da mazan garinmu gida. Ni da dutsen nan duk ba mu yi lakwal ba, amma tun ranar da aka ajiye mu a kan magana ɗaya babu wanda ya gusa. Ka ɗauki fartanya.

Wassalam, naka mai ƙaunarka duk da haka,
Abdu Ɗan Gwamma